Numfashin Silindar Hagu

Kautokeino, Talata bayan Ista

Heika nawa,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ka da sauƙi. Yaya ƙafar? Yaya kwanan asibiti? Direban motar wasiƙu ya ce an rataye ƙafar taka da igiya da ƙarfe, ko wajen tarho ba ka iya zuwa. Ni ma dama ba na son tarhon kantin nan da kowa ke kasa kunne, gara in rubuta. Babanka yana gaishe ka, ko da yake bai ce in faɗa ba. Mu nan lafiya lau, sai dai ɗakin ya yi mini girma.

Ban so in fara da abin da zai hana ka barci ba, amma in ban faɗa ba wani zai faɗa. Washegarin ranar da aka ɗauke ka an yi ruwan sama. Ruwa fa, Heika, a wannan wata. Ya wuni yana zuba a kan dusar ƙanƙara, sannan sanyi ya dawo ya daskarar da komai. Yanzu tudu duka kamar an shimfiɗa masa gilashi. Yayanka Mikkel ya aiko daga wajen garke cewa bareyinmu na kiwo suna ta tono har kofatansu na jini, ba sa isa ga gansakukar da ke ƙasa. Yunwa ta fara watsa su, kuma shi kaɗai ke kewaye su da babur ɗinsa na ƙanƙara. In ya juya baya ya sauko ɗaukar abinci, sai dai a je a tsinto su a ƙasar Finland. Buhunan abincinsu kuwa ga su nan jibge a rumfarmu. Abin da zai ja su zuwa tudu ne babu.

Babur ɗinka na ƙanƙara yana nan inda samari suka jawo shi daga kan kogi. Jikinsa bai yi komai ba sai gilashin gaba, amma ya ƙi tashi. Jiya abokinka Jovsset ya zo da jakar sufanunsa. Ya cire fulogi biyun, ya ce, "Ravna, ajiye littafin nan ki kawo babban yatsanki, yau zai yi aikin da ba juya shafi ba." Na toshe ramin fulogin dama, ya ja igiya, iska ta ture yatsana da ƙarfi har na tsorata. Na toshe na hagu, ya ja, sai wani ɗan huci kamar na tsoho in ya zauna a kujera. Ya ce silindar hagu ba ta riƙe numfashi, kuma injin da ba ya matse iska ba zai tashi ba ko a wuni ana ja. Ya zuba cokali guda na man inji a ramin, ya sake ja, hucin ya ɗan ƙaru. Ya ce to ringi ne.

Da ya buɗe injin, Baba yana tsaye da gahawarsa a hannu. Ringin fistin ya kakkarye, ya ja dogon layi a jikin silinda. Baba ya sa yatsa cikin ƙofar da hayaƙi ke fita, ya ciro shi da jini. Ya ce, "Wane ɓera ne ya ci ramin nan?" Jovsset ya yi ta duban sufanarsa kamar bai taɓa ganinta ba. Daga baya ya ce ai ku biyu kuka faɗaɗa ƙofar da magagari don babur ya ƙara gudu ku ci tseren Ista. Bakin ƙofar ne ya manta bai dasashe ba, shi ya kama ringi ana cikin gudu, inji ya ƙame, ya jefar da kai. Baba ya ce, "Barewar jan kaya kuka mayar ta tsere. To ga shi nan, ba tsere, ba kaya." Ya watsar da sauran gahawar a ƙasa ya fita.

Ashe duk yammacin da ka ce kuna gyaran fitila, wannan kuke yi. Ba faɗa nake ba. Na san kaina, da ka gaya mini ma, da zama zan yi ina hango ka kana ɗaga kofin nasara a gaban jama'a, iska na kaɗa hularka, kamar a littattafan da nake saye a kanti.

Abin da ke cin raina ka san shi. 'Yan bareyin da Innata ta bar mini suna cikin garken nan, ba su da yawa, kuma wadda nake kira Mai Farin Goshi tana da ciki. Su kaɗai ne a duniya ke ɗauke da alamata a kunne. In suka tafi, alamar ta zama zane a banza, abin da ya rage mini na Inna kuma ya ƙare.

An buga wa kantin garin Alta waya a aiko da fistin da ringi. Ka ci abincin da suke ba ka ko da ba gishiri. Ina gaishe ka, ina ƙara gaishe ka.

Taka har kullum,
Ravna


Kautokeino, Lahadi

Heika nawa,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki. Na sami 'yar takardarka, na karanta ta har ta fara yagewa a wajen lanƙwasa. Ka ce in yafe maka. Na yafe, ka bar wannan magana, ka ji da ƙashinka. Allah ya ƙara sauƙi.

Kayan ba su zo da wuri ba, guguwa ta rufe hanyar Alta. A kwanakin na shiga gida gida neman aron babur. Kowa ya ba ni gahawa da busasshen nama, kowa ya tambayi ƙafarka, babu wanda ya ce a'a da baki. Ba sai sun ce ba. Ƙanƙarar da ta rufe abincin namu ita ta rufe na nasu, kowane babur yana kan hanya da kaya tun safe. Mutum ɗaya ya kai mana buhu biyu tudu a hanyarsa, Allah ya saka masa, amma buhu biyu a garke ai kamar a jefa gishiri a kogi ne.

Baba ya zauna yana tuno wanda har yanzu ke da horarriyar barewar jan amalanken ƙanƙara. Babu. Shi da kansa ya yanka tasa ta ƙarshe shekarar da aka sayi babur na farko, ya ce zamani ya wuce ta. Shekaranjiya ya ɗaura katakan zamiya a ƙafa, ya goya rabin buhu, ya nufi tudu, mutumin da ko matakalar coci sai ya huta kafin ya gama hawa. Bai yi nisa ba ya dawo yana jan ƙafa, buhun na bayansa. Ruwan zafi kawai na ɗora masa.

Jovsset kullum yana nan, ko da yake garken mahaifinsa ma na jiransa. Ya shigo da silindar kicin saboda sanyin rumfa, ya shimfiɗa jarida a kan teburina. Narkakken ƙarfen fistin ya manne a jikinta, sai da ya kankare shi a hankali. Sannan ya ba ni sanfefa mai laushi da mai, ya nuna mini yadda zan goga: ba sama da ƙasa ba, a karkace, hagu sannan dama, har layukan su sarƙe kamar saƙar raga, don mai ya sami wurin zama. Na goga har yatsuna suka mutu. Layin da ringi ya ja bai ɓace duka ba, amma farce ya daina maƙalewa a cikinsa, ya ce hakan ya isa. Shi kuma ya zauna da ɗan dutsen wasa wuƙa yana dasashe bakin ƙofar hayaƙi. Baba ya leƙo ya ce, "Gwani, aikin da ya kamata a yi kafin a karya mini ɗa ke nan?" Jovsset ya ce, "Baba, ai ko likita sai ya rasa mutum ɗaya kafin ya ƙware." Baba ya ce, "To ka je ka ƙware a kan 'ya'yan ubanka." Na yi dariya ban shirya ba, sai kuma hawaye ya biyo.

Jiya mota ta iso. Na ruga na karɓo kwalin, na rungumo shi kamar jariri. Kafin in iso gida har na gama tsara yadda za a yi: inji ya tashi, mu isa tudu rana tana faɗuwa, Mai Farin Goshi ta ɗago kai ta gane ni. Jovsset ya ɗauki sabon ringi ya tura shi cikin silinda shi kaɗai, ya ɗaga ta wajen taga. Tsakanin bakin ringin biyu akwai rata, haske na shigowa, har tsinken ashana zai shige. Ya sosa ƙeya. Ashe bara da ka ƙona fistin an riga an yashe silindar nan an ƙara mata faɗi, ya manta, ya sa aka aiko da na asali. Ringin ya yi mata kaɗan. In an ɗaura shi, iska za ta bi ta ratar ta tsere, aikin banza.

Baba ko zagi bai yi ba, wannan ya fi ba ni tsoro. An sake buga waya. Sai motar gaba.

Mikkel ya aiko cewa 'yan maruƙan bara sun fara kwanciya. Bai ambaci masu alamata ba, ni ma ban aika tambaya ba. Da yamma na ɗauko littafi don in ɗauke hankalina, na yi ta maimaita shafi guda ban san me ke ciki ba. A cikinsu, Heika, idan abu ya kai nan, sai a ji ƙarar wani yana tahowa daga nesa. Na buɗe taga na saurara. Ƙarar babura na nan da yawa, amma duk wucewa suke.

Ka yi mana addu'a daga gadon nan, ai ita ba ta buƙatar ƙafa. Ka huta lafiya.

Matarka,
Ravna


Kautokeino, Alhamis

Heika nawa,

Ina kwananka, yaya jiki? Da fatan zafin ya ragu. Ka gaishe mini da tsohon da ke gado kusa da kai, wanda ka ce yana minshari kamar injin jirgi. A gurguje nake rubutu, mota ta kusa tashi.

Ya tashi, Heika. Bari in faɗa maka a jere.

Kayan da suka zo yau daidai suke. Jovsset ya ɗaga silinda wajen taga, ratar siririya kamar gashi. Amma da ya zo ɗaurawa sai ga wata. Gaskit ɗin da ke zama tsakanin silinda da gindin inji don kada iska ta zuƙe ya yage tun ranar kwancewa, kuma ba a sako sabo a kwalin ba. Na zauna a bakin murhu na rasa ko kukan yi. Jovsset ya yi ta zagaye kicin yana taɓa abubuwa. Kwalin sukari ya yi laushi, na takalmi ya yi kauri. Sai idonsa ya faɗa kan kantar littattafaina. Ya ce, "Ravna, cikin masoyan nan naki wa ya fi kaurin fata?"

Na sauko da su duka. Wannan bangonsa ya lanƙwashe, wancan gahawa ta zube masa. Guda ɗaya ne lafiyayye, wanda nake naɗewa a ƙyalle, wanda ka saya mini a kasuwar kaka lokacin da kake nemana, mai hoton kyaftin ɗin jirgin ruwa da gemu. Ni na yage bangon da hannuna don kada in ga wani ya yi. Jovsset ya ɗora shi a gindin silinda, ya bi gefe gefe da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa har sifar ta fito, ya shafe shi da mai. Babban ramin tsakiya daidai fuskar kyaftin ya faɗa. Baba ya ce, "Yau dai bawan Allahn nan ya yi abin kirki a gidan nan."

Mun ɗumama fistin a kan murhu don sandarsa ta shiga ba duka. Akwai 'yar kibiya a kansa, dole ta kalli wajen hayaƙi. Ni na matse ringin da yatsuna, shi kuma ya sauko da silinda a hankali har ta haɗiye shi. Ya ɗaure ƙusoshin kai, wannan sannan na kishiyar kusurwa, kaɗan kaɗan. Ya ce in kawo yatsa. Da ya ja igiya, ramin hagu ya ture yatsana kamar na dama. Aka mayar da fulogi. Ja na farko shiru, na biyu tari, can sai rumfa ta cika da shuɗin hayaƙi da ƙara. Ban taɓa jin abin da ya kai warin nan daɗi ba.

Sai dai akwai sharaɗi. Jovsset ya ƙara man inji a fetur, ya ce sabon ringi bai san silinda ba tukuna, sai sun saba. Tankin farko kada totur ya wuce rabi, a riƙa tsayawa inji ya huce. In aka matsa masa da kaya a baya zai sake ƙamewa, kuma silindar nan ba ta da sauran naman da za a yashe. Shi dole ya koma wajen mahaifinsa yau. Baba hannunsa ba ya riƙe kan babur. Saboda haka ni zan tuƙa gobe da safe, ni da ban taɓa wuce bakin kogi da shi ba.

An ɗaure buhuna a amalanke. Allah ya sa muna da rabo.

Taka,
Ravna


Kautokeino, Talata

Heika nawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji an sauke ƙafar daga rataya, na gode wa Allah. Kada ka yi gaggawar takawa. Ka yi haƙuri da jinkirin wannan takarda, kullum na dawo daga tudu hannuna ba ya riƙe alƙalami.

Mun tashi Juma'a gari na wayewa. Baba ya hau kan buhuna a amalanke, rungume da ƙaramar jakar gansakukar da ya tsinta tun kaka. Ya ce cikin da ya daɗe da yunwa ba ya karɓar abincin buhu farat ɗaya, sai an fara da abin da ya sani.

Hawan farko bai ba ni wuya ba, don ko na so gudu hanya ba za ta bari ba. A kan babban tafki ne na sha wahala. Fili shimfiɗe har iyakar gani, santsi kamar tebur, kuma injin nan da kuka koya wa tsere yana jin haka. Da totur ya kusa rabi sai muryarsa ta canza, ya fara fizgata, kamar yana cewa sake ni. Yatsana yana kan totur, Heika. Ɗan matsawa kaɗan, da mun ƙetare tafkin kafin a tafasa gahawa. Na san akwai waɗanda ke kwance a can suna jira. Na riƙe yatsan. Na yi ta tafiya kamar mai rakiyar gawa, hawaye na daskarewa a kumatuna. Da muka tsaya a tsakiyar tafki don inji ya huce, Baba ya ga fuskata ya ce, "'Yata, sannu ba ta hana zuwa." Na ce, "Sai dai a daɗe ba a je ba, Baba." Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Ya ɗora tafinsa a kan inji yana jiran ya huce.

Rana ta karkata kafin mu isa. Hankaki muka fara gani kafin garke. Mikkel ya rame, idanunsa sun yi ja. Ya taya mu kwance buhuna, masu sauran ƙarfi suka taso suna layi kamar mashaya. Sai da aka gama zubawa ya ce in zo. Ya kai ni bayan wani dutse.

Tana kwance, ƙafafunta a naɗe kamar mai hutawa. Farin goshin nan yana kan ƙanƙara. Na cire safar hannu na sa hannuna a hammatarta. Da ɗumi, Heika. Mikkel ya ce har tsakar rana tana ɗaga kai in ta ji ƙarar babur.

Tun ranar nake juya abin. Da na matsa totur a kan tafki, wataƙila da na same ta da rai. Wataƙila kuma da inji ya ƙame a tsakiyar tafki, ba ita ba sauran. Na tambayi Baba, ya ce wannan ba tambayar da ake yi wa mutum ba ce. A littattafaina kullum akwai shafin da ake gaya wa mace ta yi daidai. Na jira, ba wanda ya gaya mini.

Baba ya zaro wuƙarsa ya yanke kunnuwan biyu kamar yadda ake yi, ya sa mini a tafi. Yankan Inna ne, na gane hannunta, tana ɗan karkata tsagar dama. Sannan ya ɗauki jakarsa ya shiga cikin waɗanda ke kwance, yana durƙusawa yana shafa kunne ɗaya bayan ɗaya. Na zauna a kan amalanke ban iya taya shi ba. Can sai na ji ya ce, "Ravna, zo ki ga baƙuwarki." 'Yar maraƙar bara ce, ta Mai Farin Goshi, ƙashi da fata, da alamata a kunnenta. Ta ƙi ɗaga kai. Na jiƙa gansakuka da ruwan ɗumi daga butar Mikkel, na kai bakinta, na daɗe a haka har gwiwoyina suka sandare. Sai na ji leɓenta ya motsa a tafina.

Yanzu kullum ina hawa da kaya in sauko. Tankin farko ya ƙare, ringi ya zauna, ja ɗaya yake tashi. Kyaftin bai bar ko ɗigon mai ya fita ba. Jiya Jovsset ya biyo ya saurari injin, ya ce, "Wallahi ya fi da lafiya. In Heika ya warke, Istar baɗi..." Bai ƙarasa ba Baba ya ɗaga sandar zamiya, ya fita da gudu har ya bar hularsa. Tana nan a rataye, in ka dawo ka mayar masa.

Kada ka tambaye ni nawa suka rage mini, ka san ba a tambayar wannan, ko da miji ne. Abin da zan ce kawai, alamar tana tafiya da ƙafafunta a kan tudu, jiya ma har ta tunkuyi wata a wajen cin abinci. Kunnuwan uwarta na naɗe su a ƙyallen nan da nake naɗe littafi.

Ka warke ka dawo. Ina so kafin rani ka zaunar da ni ka koya mini yankan alama a ɓawon itace, har hannuna ya faɗa. Ranar da 'yar nan za ta haihu, ni zan yanka da kaina.

Baba yana gaishe ka. Wannan karon shi ya ce in faɗa.

Taka, mai jiranka,
Ravna